Yadda ake lissafin wa'adi in ana son sa hannun jama'a ya taɓa doka

Wata Lahadi ce a 2024 bayan la'asar muna zaune a ɗan shagon da muke kira ofishin ƙungiya nan Agege, an ɗauke wuta kowa na fifita da kwali, sai ga saƙon ƙanena daga Kolombos ta jihar Ohayo a Amurka. Hoto ne na wasu mata biyu da ɗan tebur a ƙofar wani katafaren kanti suna tare mutane. Ya ce Yaya ka ga ikon Allah, matan nan so suke a rubuta dala 15 a awa a matsayin mafi ƙarancin albashi cikin tsarin mulkin jiharmu, kuma wai in sa hannu ya cika ba ruwansu da majalisa, kai tsaye za a sa tambayar a takardar zaɓe jama'a su ce e ko a'a.

Na yi gangancin miƙa wa ciyaman wayar. Ya gyara tabarau ya daɗe yana kallo sannan ya ce Malam sakatare to mu me muke jira, mu da in aka yi shela daga nan zuwa Mile 12 da Idi-Araba da Ijora ai kafin magariba mun cika littafi goma, a sayo littattafai gobe a gyara tsarin mulkin Legas. Abu biyu yake so. Na ɗaya a sa cewa ba a tashin kasuwa sai an ba da isasshen wa'adi da wurin komawa, na biyu yaran da aka haifa a nan, aka haifi iyayensu a nan, a daina tura su garin da ba su san hanyarsa ba neman takardar shaidar ɗan asalin jiha. Na ce Alhaji a ba ni lokaci in karanta tukuna. To ga abin da na samo, na ga gara in rubuta shi don na san ba ƙungiyarmu kaɗai ce ke irin wannan zumuɗin ba.

Kafin ka kashe ko naira ɗaya a kan biro, fara tambayar ko ƙofar da kake son ƙwanƙwasawa ma akwai ta. Legas ba ta da nata kundin tsarin mulki, Kano ba ta da, babu jihar da take da shi, duk ƙasar nan guda ɗaya ne na 1999, shi ya tsara gwamna da majalisar jiha da komai. Kuma babu inda ya ce in jama'a sun tara sa hannu kaza a sa buƙatarsu a takardar zaɓe. Amurka ce kowace jiha cikin 50 ɗin take da nata kundin bayan na tarayya. Can ɗin ma ba ko'ina ba, jihohi 24 ne suka ba talaka damar ƙirƙiro doka da sa hannu, waɗanda suka yarda a taɓa kundin jiha ta wannan hanyar 18 ne a rubuce. Wanda yake zaune a Niyok ko Teksas, inda mutanenmu suke da ɗan yawa, ba shi da wannan damar ko kaɗan, sai majalisarsu ta fara amincewa sannan a kawo wa jama'a. Misisifi kuwa abin dariya ne ya same su, dokarsu ta ce a raba sa hannun a mazaɓu 5 na majalisar tarayya, bayan ƙidayar 2000 mazaɓun suka koma 4 ba wanda ya tuna ya gyara, a 2021 kotun ƙolin jihar ta ce tunda lissafin ba zai taɓa fita ba to hanyar gaba ɗaya ta mutu.

Duk da haka zan ɗan daɗe a kan nasu, saboda masu 'yan'uwa a can, kuma saboda yadda suke lissafin kwanaki shi ne ainihin abin da muke buƙata a nan.

Dabarar guda ce, daga baya ake ƙirgowa. Duk wanda ya taɓa kai ɗinkin sallah ya san wannan, ranar idi ba ita ce ranarka ba, ranarka ita ce ranar da tela ya ce ya rufe karɓar ɗinki, kuma kafin ita akwai ranar da ya kamata ka sayi shadda, kafin wannan akwai ranar da kuɗin shaddar ya kamata ya shigo hannu. Ɗauki Ohayo. Dokarsu ta ce a miƙa takardun sa hannu kwana 125 kafin babban zaɓe. Zaɓen 2024 ranar 5 ga Nuwamba ne, ka ɗauki kalanda ka yi ta ja da baya za ka sauka a 3 ga Yuli. To shi nan ne telan ya rufe. Amma kafin a ba ka izinin fara yawon neman sa hannu sai ka fara kai wa antoni janar na jihar cikakken rubutun gyaran da taƙaitaccen bayaninsa tare da sa hannun mutum 1,000, yana da kwana 10 ya duba ko taƙaitawar ta faɗi gaskiyar abin da ke ciki, in ya ce ba ta faɗa ba ka koma ka gyara ka sake tara wani dubun daga farko, in ya amince kuma akwai wata hukumar da za ta duba ko magana ɗaya ce ko ka cusa biyu a buhu ɗaya. Sai bayan duk wannan za ka fita da tebur. Yawan da ake so kashi 10 cikin 100 ne na ƙuri'un da aka kaɗa a zaɓen gwamna na baya, wanda a lokacin ya ɗan haura 413,000.

Inda gizo ke saƙa shi ne ba a yarda ka kwaso su duka daga babban birni ba. Ohayo na da gundumomi 88, dole a 44 daga ciki ka samu aƙalla kashi 5 cikin 100 na ƙuri'un gwamna na gundumar, kuma kowace takarda mutanen gunduma ɗaya ne kawai za su sa hannu a kanta, wanda ya riƙe takardar kuma ya shaida cewa a gabansa aka sa. Wannan ne ya kayar da matan da ƙanena ya ɗauko hotonsu. Da 3 ga Yuli ta zo masu neman ƙarin albashin ba su miƙa komai ba, birane sun cika amma gundumomin karkara ba su kai 44 ba, maganar ba ta hau takardar zaɓen 2024 ba. Ƙanena ya bugo yana ta sababi wai Yaya duk wanda na sani ya sa hannu fa, na ce masa ai duk wanda ka sani a Kolombos yake.

Kalifoniya tasu ta fi yaudara. In ka karanta za ka ga kwana 131 kafin zaɓe, a 2024 ya kama 27 ga Yuni, sai ka ɗauka ranar kai takardu ce. A'a, ranar da za a ce an gama tantancewa an tabbatar ka cika ce. Su kuwa ofisoshin gundumomi suna da kwanakin aiki 8 na ƙirga, sannan kwanakin aiki 30 na ɗiban samfuri su duba, banda Asabar da Lahadi, in samfurin ya nuna ka haura kashi 110 na abin da ake buƙata shikenan ka wuce, in ƙasa da 95 ne ka faɗi, in kuma tsakani ne sai an bi sunaye ɗaya bayan ɗaya wanda zai ƙara cin wasu makonnin. Shi ya sa masu wayo tun wajajen Afrilu suke kai nasu. Ga kuma wani agogon daban da ke tafiya a gefe, kwana 180 kacal gare ka na tara sa hannu daga ranar da aka ba ka taken gyaran da taƙaitawarsa a hukumance, shi kansa samun taken yakan ci wata biyu da ɗoriya bayan ka biya dala 2,000. Yawan sa hannu na gyaran kundi kashi 8 cikin 100 na ƙuri'un gwamna, 874,641 kenan bayan zaɓen 2022, doka ta yau da kullum kashi 5. Raba wannan adadi da 180 ka gani, kusan mutum 4,900 kullum ba hutun Juma'a ba na Lahadi, shi ya sa can har kamfanoni ne da su da ake biya su tara sa hannu, talaka zalla ba ya iya wannan aikin.

Fulorida 1 ga Fabrairun shekarar zaɓe ce, wata tara cur kafin a kaɗa ƙuri'a, ita ma ranar gama tantancewa ce, 891,523 aka nema a 2024 kuma sai an cika a rabin mazaɓun majalisar tarayya na jihar. Ko ka hau takardar zaɓe sai ka samu kashi 60 cikin 100. Albashin dala 15 da ƙyar ya tsallake a can a 2020 da kusan 61, a 2024 kuma akwai gyaran da ya samu 57 amma ya faɗi. Nebada sai jama'a sun amince sau biyu a zaɓuɓɓuka biyu a jere. Mishigan kwana 120 kafin zaɓe, kuma duk sa hannun da ya wuce kwana 180 a ranar miƙawa ya ruɓe. Dokokin nan majalisun jihohi na yawan taɓa su, don haka mai niyya ya nemi jadawalin shekarar da yake ciki daga ofishin zaɓen jiharsa ya buga a takarda ya manna a bango, kar ya yi aiki da na bara. Sannan ga jan kunne ga 'yan'uwa da ke can, wanda yake ɗan ƙasa kuma ya yi rajistar zaɓe a jihar shi ke sa hannu, mai girin kad, wato takardar izinin zama kawai, komai daɗin bakin masu tebur ya ce musu sannu ya wuce, kar neman suna ya ja masa matsala a takardunsa.

Na ce ruɓewa ɗazu, da gangan na faɗa. Duk ɗan Mile 12 ya san in ka yi lodin kwando 300 na tumatir daga Kadawa ba 300 za ka sayar ba, rana za ta ci nata, ramukan hanya su ci nasu, in mota ta kwana a Jebba kuma sai addu'a. Sa hannu ma haka yake, wani ya sa sau biyu, wani ya tashi daga gidan da ya yi rajista, wani ba a iya karanta rubutunsa. A Ohayo a 2023 wasu sun kai sama da 700,000 aka tantance ƙasa kaɗan da 500,000, sun wuce ne kawai don sun yi lodi da rara. Wasu a shekarar suka gaza da 679 kacal, Allah ya so su jihar na ba da kwana 10 na cike giɓi, ba kowace jiha ke ba da wannan ba. Ni dai a lissafina in ana son 100 ka nemi 150, in ka samu 140 ka kwana da ido ɗaya.

To mu dawo gida, don ciyaman bai aike ni Amurka ba. A nan wuri ɗaya ne tsarin mulki ya ba sa hannun talaka haƙori, shi ne kiranye. Sashe na 69 na sanata da ɗan majalisar wakilai, sashe na 110 na ɗan majalisar jiha irin waɗanda ke Alausa inda majalisar Legas take zama, gwamna da shugaban ƙasa ba sa ciki. Yadda ake yi, ana rubuta wa shugaban hukumar zaɓe INEC takardar koke cewa mun daina amincewa da wakilinmu, ɗauke da sa hannun fiye da rabin waɗanda suka yi rajista a mazaɓar. Sake karanta wannan, waɗanda suka yi rajista aka ce, ba waɗanda suka fito zaɓe ba. A Legas masu rajista sun haura miliyan 7 a 2023, waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba, ka ga kenan don ka cire mutum sai ka tara jama'ar da ta ninka duk waɗanda suka fito ranar da aka zaɓe shi, har da waɗanda suka ƙi shi. In INEC ta ƙirga ta ga adadi ya kai sai ta sa ranar tantancewa, duk wanda ya sa hannu ya zo rumfar zaɓensa da katinsa ya ce e ni ne, in wannan ma ya haura rabi sai ƙuri'ar raba gardama, kuma tsarin mulki ya ce a yi ta cikin kwana 90 daga ranar da aka karɓi koken.

Kwana 90 ɗin nan daga ranar miƙawa yake farawa, don haka ranar miƙawa a hannunka take, ita ce kaɗai rana a duk harkar da kai kake zaɓa, kar ka yi gaggawar ta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Jera sa hannun rumfa-rumfa, kowa da sunansa yadda yake a kati da lambar katin da sa hannu ko dangwale, ka riƙe lambar wayar kowa a naka littafin don ranar tantancewa sai ka sake nemo su da ƙafarsu, kuma a wasiƙar da za ta raka koken ka sa cikakken adireshi da waya da imel na wakilan masu ƙorafi. Kar ka raina wannan na ƙarshen, a Maris 2025 da aka kai koken kiranyen Sanata Natasha Akpoti-Uduaghan ta Kogi ta Tsakiya abin da INEC ta fara cewa kenan, ba a sa waɗannan ba. Da aka gyara ta ƙirga, masu rajista 474,554, ana buƙatar 237,278, ta samu 208,132, ranar 3 ga Afrilu ta rufe fayil ko tantancewa ba a je ba. Na Sanata Dino Melaye a Kogi ta Yamma an kai shi a Yunin 2017, shari'a ta yi ta jan lokaci sai Afrilun 2018 aka yi tantancewa, waɗanda aka tabbatar ba su wuce kashi 5 da ɗan wani abu na masu rajista ba. Tumatirin da ya shekara a hanya kenan.

Mu Hausawan Legas kuma muna da wata matsalar ta musamman da ba ma son faɗa. Na gwada zagaya littafi bayan sallar Juma'a in ga ƙarfinmu, na ce kowa ya rubuta suna da inda katinsa yake, wallahi shafin farko kaɗai ya ishe ni, wannan na Bichi, wancan na Illela, wani na Gashuwa, mutum ya shekara 20 yana biyan kuɗin shago a Agege amma lokacin zaɓe sai ya hau tirela ya tafi gida. To sa hannunsa a kan ɗan majalisar Agege daidai yake da zane a kan ruwa. In ana son nauyi a nan sai an dawo da kati nan, kuma shi ma da nasa wa'adin. Dokar zaɓe ta 2022 a lokacin cewa ta yi a tsayar da rajista da canjin rumfa aƙalla kwana 90 kafin zaɓe, amma a aikace ranar 31 ga Yulin 2022 aka rufe rajistar zaɓen da aka yi 25 ga Fabrairun 2023, wata kusan bakwai kenan. Duk wanda ya tsaya jiran kwana 90 ɗin da ya karanta ya tarar an kulle ƙofa.

Sai maganar yaranmu da takardar ɗan asali. Wannan Abuja ce, domin a kundin ƙasa ne, sashe na 318, aka ce mutum ɗan jiha ne in ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan wata al'umma ce ta asalin jihar. Gyara kundin kuwa sashe na 9 ne ya tsara shi, biyu bisa uku na dukkan 'yan kowace majalisa, wato sanatoci 73 cikin 109 da wakilai 240 cikin 360, ba na waɗanda suka zo zama ranar ba, na duka kujerun, sannan majalisun jihohi 24 cikin 36 su amince, sannan shugaban ƙasa ya sa hannu. In abin ya taɓa babin haƙƙin ɗan adam ko sashe na 8 na ƙirƙiro jihohi ko shi kansa sashe na 9 sai huɗu bisa biyar. Talaka ta ina yake shiga? Ta takardar shawara ga kwamitin gyaran tsarin mulki, wanda a al'ada mataimakin shugaban majalisar dattawa da mataimakin kakaki ke jagoranta, a majalisa ta 10 Barau Jibrin da Benjamin Kalu kenan. Sukan buga sanarwa a jaridu su ce a kawo shawarwari zuwa rana kaza, sannan su zagaya shiyya-shiyya jin ra'ayin jama'a, na majalisar dattawa na Kudu maso Yamma a nan Legas aka yi shi a Yulin 2025.

A nan na taɓa shan kunya, kuma laifina ne. Shekarun baya wani kwamiti ya zo irin wannan zaman, na ji a rediyo ranar zama na ɗauka ita ce ranar kai takarda, na kwana ina rubutu, da safe na tsaya layin hoto-kwafi, gosulo ya riƙe ni a Oshodi, na isa jiƙe da gumi da ambulan ɗina. Yaron da ke bakin ƙofa ya duba takardar hannunsa ya ce Baba sunanku ba ya nan, waɗanda suka turo tun kafin a rufe su ake kira su yi magana. Na zauna a baya har aka tashi ina riƙe da ambulan kamar mai neman aiki. Rana ba ta ƙarya sai dai uwar ɗiya ta ji kunya.

Don haka rubuta takardarka tun ba a nema ba ka ajiye, ranar da sanarwa ta fito kwanan wata kawai za ka sa. Magana ɗaya a takarda ɗaya. Ka faɗi lambar sashen, ka kwafo abin da ya ce yanzu, ka rubuta kalma da kalma yadda kake so ya koma, sannan dalili a shafi ɗaya ko biyu, nan ne kake buƙatar lauya ko da na unguwa ne, dogon tarihin yadda kakanninmu suka zo fataucin goro ajiye shi sai an ba ka makirfo. Karanta sanarwar sau uku ka ga kwafi nawa suke so da inda za a kai da ko suna son na imel ma, ka kai saura mako ba saura awa ba, ka tsaya sai an buga maka hatimi da kwanan wata a kwafinka. Kuma sharaɗin da tsarin mulki ya gindaya ba a tsallake shi da yawan jama'a, a Fabrairun 2025 kwamitin majalisar wakilai ya ce ya karɓi buƙatun sababbin jihohi 31 kuma ko ɗaya ba ta cika sharuɗɗan sashe na 8 ba.

Takarda kaɗai ba ta tafiya da ƙafarta, sai wani ɗan majalisa ya mayar da ita ƙudiri ya goya. Agogon da ya fi kowanne a nan shi ne rayuwar majalisar kanta, shekara 4, ta 10 an rantsar da ita 13 ga Yunin 2023, kuma duk abin da bai kammala ba ranar da ta tashi sai a sake daga farko da sababbin fuskoki. Gyaran da aka sha wahalarsa a majalisa ta 7 haka ya tafi a 2015 da Jonathan ya ƙi sa hannu. Ni a ganina shekarar ƙarshe ma cire ta daga lissafi, da an fara maganar zaɓen fidda gwani ba ka ƙara ganin kowa a kujerarsa. Dubi yadda matasan da suka nemi rage shekarun takara suka yi, Tony Nwulu mai wakiltar Oshodi-Isolo nan kusa da mu shi ya ɗauki ƙudirin a majalisar wakilai a 2016, majalisar tarayya ta amince a Yulin 2017, suka bi jihohi ɗaya-ɗaya da zanga-zanga da ziyara, Buhari ya sa hannu 31 ga Mayun 2018, shekarun takarar shugaban ƙasa suka sauko daga 40 zuwa 35, na majalisar wakilai da ta jiha daga 30 zuwa 25, kuma ya zo daidai kafin jam'iyyu su fidda 'yan takarar 2019. Shekara biyu cur, a kan maganar da kusan kowa ke jin kunyar ya fito ya ce ba ya so. Tamu ta ɗan asali kuwa akwai masu ƙin ta a Kudu akwai a Arewa, gaskiya ce, mu ma in aka ce a ba ɗan Sabon Gari takardar Kano wasu cikinmu za su canja fuska, kuma jihohi 13 sun isa su kashe kowane gyara. Arewa 19 ce Kudu 17, ba ɓangaren da zai kai 24 shi kaɗai. Ɗan amfanin da muke da shi mu mazauna nan shi ne ƙafarmu biyu, muna da ɗan majalisa a Alausa muna da wani a garinmu da ya san gidanmu, in aka zo matakin jihohi kowa ya san wayar da zai buga.

Maganar tashin kasuwa ita ce mai sauƙin, ba ta buƙatar taɓa kundi, dokar jiha ce, kujeru 40 ne a majalisar Legas biyu na Agege, kakakin ma Mudashiru Obasa daga nan ya fito. Koke ake rubutawa zuwa ga kakaki ta hannun akawun majalisa, a ba ɗan majalisar mazaɓa kwafi a roƙe shi ya gabatar, a haɗa da sa hannun 'yan kasuwa, nan littattafan ciyaman za su yi amfani duk da ba wata doka da ta ce in sun kai kaza dole a saurare mu, nauyin siyasa ne kawai, kuma nauyin ya danganta da katin nan da na faɗa. In ka samu Yarbawa da Inyamuran kasuwar suka sa hannu tare da ku ya fi a ga takardar Hausawa zalla. Ka sa ido a sanarwar jin ra'ayin jama'a kan duk ƙudirin da ya shafi kasuwa ko tsara gari, tazarar da ake bayarwa takan yi gajarta ƙwarai, a ɗora wa mutum ɗaya mai karatu alhakin duba jarida da shafin majalisar kowane mako.

Da na gama yi wa ciyaman wannan dogon bayani sai na ɗauko kalandar bankin da ke rataye na juya bayanta, muka ja layi uku, ɗaya na Alausa, ɗaya na Abuja, ɗaya na kati, kowane layi muka fara daga ƙarshensa muna dawowa, ranar rufewa da jan biro, ranarmu ta kaiwa mako biyu kafin ta, ranar gama rubutu, ranar ganin lauya, ranar tara kuɗin lauyan. Layin kati muka ce da shi za a fara, kowa ya zo da nasa taro na gaba a rubuta rumfarsa, wanda ya yarda a dawo da nasa Legas a haɗa su rukuni-rukuni da zarar an buɗe rajista. Na ce Alhaji a fara da naka tunda kai ne babba. Ya laluba aljihun gaba ya laluba na gefe ya zaro shi daga cikin wata tsohuwar leda ya miƙo, na duba na ce Alhaji ai wannan Funtuwa aka rubuta. Ya karɓe abinsa ya mayar aljihu ya ce to rubuta ni a rukunin farko, amma kar a faɗa wa ma'aji.